Gashin wutsiyar Bunaji da Yarjejeniyar Nagoya

A ce wani mai bincike ya sauka a wata ruga a dajin Wawa-Zange na jihar Gombe, ya tsinki gashin wutsiyar shanu, ya ɗebi jini a ƴar kwalba, ya yi sallama. Makiyayi zai ga bai rasa komai ba, tunda shanunsa na nan. Amma a cikin gashin nan akwai bayanan gado: abin da ya sa Bunaji da Rahaji ke jure zafin bazara da doguwar tafiya, inda Holstein ta Turai ke galabaita.

Wannan ne Yarjejeniyar Nagoya ta zo ta tsara. Ƙasashen duniya ne suka amince da ita a birnin Nagoya na Japan a 2010, ta fara aiki a 2014. Sharuɗɗanta biyu ne: a nemi izinin ƙasar da dabbar take kafin a ɗauki samfuri, bayan an faɗi abin da za a yi da shi, sannan a rubuta yadda za a raba amfanin. Amfanin ba lallai kuɗi ba. Horo ko sakamakon binciken ma na ciki. Najeriya tana da nata ƙa'idojin neman izini tun 2009. Cinikin sa a kara don yanka ko noma kuwa, ba ruwan dokar da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayanai. Ana iya tare kwalbar jini a filin jirgi, amma da zarar an karance ƙwayoyin gado an zuba a kwamfuta, sun ƙetare teku ba fasfo. Ƙasashen da suka yi nisa a harkar madara sun daɗe suna musayar alƙaluman bijimansu ta cibiyar Interbull da ke Uppsala a Suwidin, kowa ya kawo nasa ya ɗebi na wasu. Bunaji ba ta cikin wannan lissafi, kuma ba mugunta aka yi mana ba: wa yake rubuta litar da saniyarsa ta bayar kullum?

A 2024, taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a birnin Cali na Kolombiya ya kafa asusun da ake so manyan kamfanoni masu cin gajiyar bayanan ƙwayoyin gado da aka zuba a kwamfuta su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu, ko kashi 0.1 na cinikinsu. Roƙo ne, ba tilas ba, kuma a ganina nan raunin yake. Saboda haka, arɗon da baƙo ya zo wa da allura da kwalba ya nemi ganin takardar izini, ya ji inda samfurin zai je, kafin a kama saniya ta farko.