Lagireto Kaɗai Ba Ya Sanyaya Injin Rotari

An daɗe ana cewa in mai haɗa ƙaramin jirgin sama a gida ya sa wa injin rotari (injin da ba shi da fistin, wani ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota ne ke juyawa a cikinsa) babban lagireto, ya gama da zafi. Haka abin yake kama da gaskiya, amma ruwa jikin injin kawai yake zagayawa. Rotar da ke juyawa a ciki baƙin mai ne ke sanyaya ta, don haka man ma yana buƙatar nasa lagireton. In akwai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin) kuma aka tsuke fetur ɗin da ke haɗuwa da iskar, sai zafi ya hau, wuta ta riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, har ta karya siririn ƙarfen bakin rota mai hana iska zurarewa.

Ku sa ma'aunin zafin mai daban da na ruwa, ku duba su lokacin hawa sama. Don Allah a tura wa wasu.