Tallafin kuɗi da farfaɗo da sana'o'in 'yan gudun hijira a Sudan

Tallafin kuɗi nau'i ne na aikin jinƙai da ake damƙa wa wanda yaƙi ko bala'i ya raba da gidansa kuɗi a hannu, ko a asusun banki, ko a kati da zai kai wa ɗan kasuwa, maimakon a ba shi buhun dawa da galan ɗin mai. Farfaɗo da sana'a shi ne matakin da ke biye da shi: a mayar wa manomi iri da gona, masunci koma, mai shayi butoci da kujeru, domin ya daina jiran ranar rabo. A Sudan waɗannan ayyuka biyu sun zama ginshiƙin agaji tun daga 15 ga Afrilu 2023, ranar da faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Abdulfattah al-Burhan da dakarun rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti.

Girman hijirar

A farkon 2025 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta ƙidaya fiye da mutum miliyan 11 da ke gudun hijira a cikin Sudan, har da waɗanda rikicin Darfur ya kora tun 2003 suke zaune a sansanoni irin su Kalma kusa da Niyala da Zamzam da Abu Shok kusa da Fashir. Fiye da wasu miliyan 3 sun tsallaka zuwa Cadi da Masar da Sudan ta Kudu da Habasha da Libiya. Babu ƙasar da ta kai Sudan yawan 'yan gudun hijira na cikin gida a lokacin.

Da yawa ba sau ɗaya suka gudu ba. Mutanen Khartum sun fake a Wad Madani, sai garin ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, suka nufi Sinnar da Sinja. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024 suka ƙara gaba zuwa Gadarif da Kasala da Damazin. Kowace tafiya tana cin wani abu na jarin iyali. A ta farko a sayar da zinariyar uwar gida, a ta biyu waya ko keken ɗinki, a ta uku babu abin sayarwa. Yawancinsu kuma ba a sansani suke ba. Suna cikin makarantu da masallatai da gidajen 'yan uwa, inda tukunyar da ta saba ciyar da mutum takwas take ciyar da ashirin.

Asalin tsarin

Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna a 1981 cewa yunwa kan kashe mutane ko da abinci na jibge a kasuwa, idan ba su da abin saye. Ƙungiyoyin agaji sun daɗe kafin su yi aiki da wannan fahimta. Bayan igiyar tsunami ta 2004 da yunwar Somaliya ta 2011 ne aka gwada rabon kuɗi ga jama'a masu yawa, sannan a taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a Mayu 2016 manyan masu ba da agaji suka yi alkawarin faɗaɗa shi. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 kan 'yan gudun hijirar cikin gida, waɗanda suka tabbatar da haƙƙinsu na neman aiki da sana'a, ɗan yankin Abyei ne, Francis Deng, ya gabatar da su.

Sudan ba baƙuwar rabon kuɗi ba ce. Diwanin zakka na gwamnati ya daɗe yana raba wa mabuƙata. A 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta fara shirin tallafa wa iyalai mai suna Samarat, da goyon bayan Bankin Duniya, wanda zai riƙa bai wa kowane mutum kwatankwacin dala 5 a wata, da niyyar kaiwa ga kashi 80 cikin ɗari na al'umma. Juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 ya sa masu ba da kuɗin suka janye, shirin ya tsaya. A shekarar ce kuma asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fara biyan mata masu juna biyu da masu goyo a jihohin Kasala da Bahar Maliya, haɗe da zuwa awo da rigakafin yara.

Yadda kuɗin ke isa hannu

Ana fara da binciken kasuwa. Ma'aikata kan zaga su rubuta farashin dawa da wake da mai da sukari da sabulu da gawayi da ruwa, a haɗa abin da gida mai matsakaicin yawa ke buƙata a wata guda, daga nan a yanke adadin da za a bayar. Ƙungiyoyin da ke wannan aiki suna da zauren haɗin gwiwa domin kada wata ta ba da kaza wata ta ba da ninkinsa a unguwa ɗaya. Cikinsu akwai Hukumar Abinci ta Duniya WFP, da hukumar 'yan gudun hijira UNHCR, da IOM, da ƙungiyar Red Cross ta duniya tare da takwararta ta Sudan, da gamayyar ƙungiyoyi masu zaman kansu da ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ke jagoranta. Wani tallafin ba shi da sharaɗi, mai shi ya kashe yadda ya ga dama. Wani kati ne da ake karɓar kaya da shi a shagunan da aka yi yarjejeniya da su. Wani kuma ladan aiki ne, kamar yashe magudanar ruwa ko gyaran makaranta.

Hujjar masu wannan tsari mai ƙarfi ce. Motar abinci daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan zuwa Darfur sai ta ratsa shingaye da izini iri-iri, ana iya tsare ta makonni ko a wawashe ta, damina kuma ta rufe hanya. Kuɗi kan isa cikin minti ɗaya. Sannan uwa ta fi kowane jami'i sanin ko yau maganin zazzaɓin ɗanta ne a gaba ko garin kisra, wainar dawa da ake ci a Sudan. An sha ganin iyalai suna sayar da rabin abincin agaji da araha don su biya niƙa ko haya. Ba su kuɗin tun farko ya fi mutunci, ya kuma bar ciniki a hannun 'yan kasuwar garin da ya karɓi baƙin.

Sai dai yaƙin ya karya bankuna tun a makonnin farko, domin hedkwatocinsu na Khartum ne, an kuma wawashe rassa da dama. Abin da ya riƙe jama'a shi ne manhajar Bankak ta Bankin Khartum, da ire-irenta na wasu bankuna. Da ita ɗan uwa da ke Jidda ko Makka ko Riyad ke tura wa mahaifiyarsa abin cefane, kuma ga gidaje da yawa wannan ya riga agajin kowace ƙungiya zuwa. Amma kuɗin waya ba tsaba ba ne. Inda takardun kuɗi suka yi ƙaranci, mai son tsaba sai ya je wurin ɗan kasuwa ya tura masa, shi kuma ya cire kamasho, wani wurin kashi 10 cikin ɗari, wani wurin 20 ko fiye. A kasuwanni da dama kaya na da farashi biyu, na tsaba da na Bankak. A Fabrairu 2024 sabis ɗin waya da intanet ya ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗi a shagunan da ke da intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink don su samu 'yan mintuna su duba asusu.

A Disamba 2024 Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun kuɗin ƙasar na fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soja, bisa sharaɗin a zuba tsofaffin a asusun banki. RSF ta haramta sababbin a yankunanta. Ƙasa ɗaya ta wayi gari da kuɗi iri biyu. Ga kuma faɗuwar daraja: dala da take kusan fam 600 kafin yaƙi ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage a 2024. Adadin da aka yanke a watan Janairu ba ya cika kwando a watan Yuni, shi ya sa ake ta sake lissafi. Inda aka yi wa gari ƙawanya kuwa, kamar Fashir, kasuwar ce ta ƙare, kuɗi ba su da abin saye. A Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam.

Takaya da ɗakunan gaggawa

Inda ƙungiyoyin waje suka kasa shiga, matasan unguwanni ne suka tsaya. Sun kafa abin da ake kira ɗakunan gaggawa, suka buɗe wuraren dafa abinci na jama'a da ake kira takaya, suna dafa wake da adas, wani nau'in ƙananan wake, a manyan tukwane. Tushen abin shi ne nafir, gayyar mutanen Sudan. Wasu ƙungiyoyi sun gane cewa tura wa irin wannan rukuni kuɗi a dunƙule ya fi saurin kai abinci bakin mutane fiye da rajistar gida-gida, kuma sun yi gaskiya. An kashe wasu daga cikin matasan, an kama wasu, kowane ɓangare na zarginsu da yi wa ɗayan aiki. A 2025 aka ba su lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood.

Hausawa, ƙasa da takarda

Hausawa sun zauna a Sudan ta hanyar aikin hajji a ƙasa, da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Maiurno a bakin kogi, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka tsinci audugarsa. Zuriyarsu na Gadarif da Kasala da Bur Sudan da Kosti da Khartum da jihar Nil Azraƙ (Blue Nile), suna noman bakin kogi da kamun kifi da ƙodago da ƙananan sana'o'i. Agashe, tsiren da ake ci a duk faɗin Sudan, daga wurinsu ya fito.

Hijirarsu ta riga babban yaƙin. A Yuli 2022 rikici kan mallakar ƙasa da neman sarautar gargajiya ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun Nil Azraƙ a yankunan Rusairis da Gaisan, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. Ɗaruruwa sun mutu, dubban iyalai suka gudu zuwa Sinnar da Jazira da jihar Nil Abyad (White Nile). Wasu ba su gama zama ba yaƙin 2023 ya same su a inda suka fake.

A nan ne iyakar tallafin kuɗi ta fi bayyana. Buɗe asusu na buƙatar lambar ɗan ƙasa, kuma zuriyar mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe suna fama kafin su samu takardun zama 'yan ƙasa, ko da kakanninsu a Sudan aka haife su. Wanda ba shi da lamba sai ya ba da asusun maƙwabci, ko na ɗan kasuwa, ya ƙara wani kamasho a kan na farko. Mace mai sayar da gyaɗa ko godogodo sau da yawa ba ta da wayar zamani. Tsarin da ya dogara kacokan kan manhaja yana tsallake waɗanda suka fi kowa buƙata, don haka rabon tsaba hannu da hannu da katin da ƙungiya ke bugawa da kanta ba abin rainawa ba ne. Haka mazauna kanabi, ƙauyukan 'yan ƙodago da ke gefen gonakin Jazira, waɗanda suka shafe shekaru suna noma ƙasar da ba su da takardar mallakar ko taku ɗaya a cikinta. Za a iya ba irin wannan manomi iri mai kyau, amma sai ya samu wanda zai ba shi gona haya ko a raba amfani.

Komawa sana'a

A 2023 hatsin da Sudan ta noma ya tsaya a kusan tan miliyan 4.1, ƙasa da na shekarar da ta gabata da kashi 46 cikin ɗari, a ƙididdigar Hukumar Abinci da Noma ta FAO. Hukumar ta riƙa raba irin dawa da gero da gyaɗa da riɗi kafin damina, tana yi wa dabbobi rigakafi. Lokaci shi ne komai a wannan aiki. Irin da ya iso bayan Yuli ya tashi daga iri ya koma abinci. Kuma idan aka ba mai jin yunwa iri kaɗai, zai ci shi, babu wanda zai ga laifinsa. Saboda haka ake haɗa iri da kuɗin abinci na watannin da ke tsakanin shuka da girbi. Wannan kuɗi ne ke raba ƙaramin manomi da shel, tsohon bashin da ɗan kasuwa ke bayarwa a damina ya karɓi hatsi da kaka a farashin da ya ga dama.

A birane kuwa jari ne ake bayarwa sau ɗaya, wani lokaci tare da koyon sana'a: ɗinki, gyaran waya, haɗa sabulu, girka farantan hasken rana, waɗanda buƙatarsu ta ƙaru bayan lalacewar wutar lantarki. Ana kuma ƙarfafa adashin mata, wanda a Sudan ake kira sanduƙ. Matsalar da ake yawan cin karo da ita ita ce a koya wa mata hamsin sana'a ɗaya a garin da mutanensa ba su da kuɗin saye. Wanda ya zo da sana'arsa, masunci ko maƙeri ko mahauci, kayan aikinsa kawai yake buƙata, kuma shi ne ya fi saurin tsayawa da ƙafarsa.

Bayan da soja ya karɓe Sinja a Nuwamba 2024, da Wad Madani a Janairu 2025, da Khartum a Maris, fiye da mutum miliyan ɗaya sun koma garuruwansu cikin 'yan watanni. Sun tarar da injinan ban ruwa an kwance, magudanai sun cike da ciyawa, shaguna babu ƙofa. A daidai wannan lokaci ne kuɗin agaji ya ja baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala biliyan 4.2 don ayyukan cikin Sudan na 2025, inda ta ce mutum miliyan 30.4 na buƙatar taimako, amma dakatar da agajin Amurka a Janairun shekarar ya sa ɗaruruwan takaya suka kashe wuta. Idan kuɗi suka yi kaɗan, ƙungiyoyi kan fara yanke jarin sana'a da iri su bar na abinci, sannan su rage watannin biya ko yawan gidajen da ke cikin rajista.