Jirgin da ake tuƙawa ba lasisi a Amurka, me dokar ta ce ne takamaimai?

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook da wuya a ce bai ci karo da bidiyon nan ba, mutum ɗaya zaune cikin wani ɗan keji mai fankoki a kusurwa huɗu, ya ɗaga sama tsaye daga filin ciyawa yana shawagi ta kan bishiyoyi, a ƙasa an rubuta wai ko lasisi ba ka buƙata. Maganar lasisin gaskiya ce, amma fa a Amurka, kuma rabin zancen kenan. Ɗaya rabin yana cikin wata gajeriyar doka ta hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ana kiran dokar sashe na 103. Tun 1982 aka kafa ta, kuma duk kamfanonin nan masu tallar jirgin mutum ɗaya a kanta suka jingina.

Abin da dokar ta yi shi ne ta ware wasu ƙananan abubuwan tashi ta ce a wajenta waɗannan ba su shiga sahun cikakken jirgi ba. In abin hawanka ya shiga wannan rukuni, babu rajista, babu lamba a jikinsa, babu takardar shaidar cewa an gwada shi yana da lafiyar tashi. Kai matuƙin ma ba a tambayarka lasisi, ba gwajin likita, ba jarrabawa, ko shekaru ba a ƙayyade ba. Eh haka yake a rubuce.

Toh amma kafin ka shiga rukunin akwai sharuɗa, kuma masu tsauri ne. Mutum ɗaya tak zai hau, ba ɗaukar uwargida ba ɗaukar aboki. Don nishaɗi ko wasa kawai, ba haya ba kasuwanci. In mai inji ne nauyinsa ba kowa a ciki dole ya gaza fam 254, wajen kilo 115 kenan, in kuma mara inji ne ƙasa da fam 155. Tankin mai kar ya wuce galan 5 na Amurka, kusan lita 19. Gudunsa in an taka shi iya ƙarfinsa kar ya haura kilomita 102 a awa. Sai sharaɗi na ƙarshe wanda mutane ba sa kula da shi, cewa in an kashe inji abin ya iya ci gaba da riƙe kansa a iska har gudunsa ya sauko wajen kilomita 44 a awa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa don nan matsalar take.

Shi ya sa in ka duba Jetson ONE, ɗaya daga cikin jiragen nan na mutum ɗaya, wanda Peter Ternström da Tomasz Patan suka kafa kamfaninsa a 2017, za ka ga gudunsa an ɗaure shi daidai kilomita 102, ba wai dace aka yi ba, dokar aka auna aka yanka shi daidai ita. Injinan lantarki takwas gare shi, yana yin kamar minti 20 a sama, da farko an sa masa dala dubu 92 daga baya ya koma dubu 128. Akwai kuma Helix na kamfanin Pivotal, wanda a da ake kira Opener, shi ya fara daga dala dubu 190. Nauyin Helix fam 348 ne, ya zarce 254 nesa ba kusa ba, amma ya shiga ta wata ƙofa da dokar ta bari, wato ba a lissafa nauyin kayan sauka kan ruwa da kayan ceton rai irin laimar gaggawa. Minti 20 ɗin nan ma dokar ce ta jawo shi, saboda batir yana shiga lissafin nauyi, in ka ƙara batir don ka daɗe a sama ka fita daga rukunin, shikenan sai lasisi.

Yanzu ga inda mafarkin mutane yake karo da bango. Yawancin masu sha'awar abin nan tunaninsu ɗaya ne, na huta da gosulo, in tashi daga gida in dira wajen aiki. Wallahi wannan shi ne ainihin abin da dokar ta hana. Ba a yarda ka bi ta kan wuri mai cunkoso na birni ko gari ko ƙauye ba, haka nan ta kan taron jama'a a fili, ko filin ƙwallo ne ko kasuwa. Ba tashi da dare, daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta, sai dai an ɗan sassauta minti 30 kafin fitowar rana da minti 30 bayan faɗuwarta in kana da fitilar gargaɗi da ake hangowa daga mil 3, kuma a sararin da ba ya ƙarƙashin masu kula da zirga-zirgar jirage. Kusa da manyan filayen jirgi sai ka nemi izininsu tukuna. Dole idonka yana ganin ƙasa koyaushe, ba kutsawa cikin gajimare. Duk jirgin da kuka haɗu kai ne za ka kauce, har ɗan uwanka mara inji kai mai inji kake ba hanya. Kuma in jami'in FAA ya ce zai duba abin hawan, dole ka bari ya duba, ka kuma kawo hujjar cewa ya cika sharuɗan.

Ka ga kenan abin na masu gonaki ne da masu faffaɗan fili a bayan gari, waɗanda suke da kuɗin da za su sayi daɗin minti 20. Kuma ni ban raina wannan daɗin ba fa. Ɗan Adam ya daɗe yana son ya ga kansa a sama shi kaɗai, ba tikiti ba layin bincike, kuma injiniyoyin nan sun yi aiki, kwamfuta ce take daidaita fankokin, shi matuƙin sanda kawai yake juyawa, abin da mai koyon helikwafta zai kwashe watanni yana fama da shi. Duk mai son fasaha dole abin ya burge shi.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake karanta kalmar ba lasisi, mutane suna ɗauka kamar hukuma ta duba ta ga abin ba shi da haɗari ne ta sake shi. Kar a yi wa rogo kallon kitse. Hikimar dokar tun farko ita ce, tunda kai kaɗai ne a ciki, abin ba nauyi, ba gudu, ba mai da yawa, kuma an raba ka da kan jama'a, to in wani abu ya faru kanka ka jawo wa, hukuma ba za ta kashe lokacinta a kanka ba. Jama'ar ƙasa take karewa. Shi matuƙi an bar shi da zaɓinsa. Babu wani jami'i da ya sa hannu cewa walda ta yi, ko batir ba zai yi zafi ba, ko manhajar da take tuƙin ba ta da kuskure, maganar kamfani kawai ka riƙe. Horon da kamfanonin suke ba masu saye ma tsarinsu ne, dokar ba ta tilasta ba, don haka in abin ya fara yawo hannu zuwa hannu a kasuwar na hannu, wa zai tsaya ya tabbatar mai saye na uku ya koya?

Mu dawo kan sharaɗin kilomita 44 ɗin nan. Waɗanda suka rubuta dokar a 1982 abin da yake gabansu jirage ne na bututun alminiyam da yadi, masu fukafuki, da ɗan ƙaramin inji a baya. Irin wannan in injinsa ya mutu fukafukin suna riƙe shi, ya sulalo a hankali matuƙi ya nemi fili ya sauka. Helikwafta ma tana da dabararta, iska tana ci gaba da juya babbar fankar har a sauko. Amma mai ƙananan fankoki irin na jirgi mara matuƙi, in wuta ta ɗauke gaba ɗaya babu abin da zai riƙe shi, ƙasa zai yo kai tsaye. Kamfanonin sun san da haka, shi ya sa suke ninka injina yadda in ɗaya ya tsaya sauran za su ɗauka, suke kuma saka laimar da ake harbawa. Sai dai laima tana son tazara kafin ta buɗe ta kama iska, su kuwa waɗannan abubuwan ƙasa-ƙasa ake yawo da su, tsayin da ya isa ya kashe mutum amma bai lalle ya ishi laima ba. Ga wayoyin lantarki da ido ba ya gani sai an zo dab, ga iska mai kaɗawa da ba ta ɗaukar abu mara nauyi a bakin komai, ga batirin lithium da in ya kama wuta kashe shi aiki ne. A watan Satumba na 2025 jirage biyu masu tashi tsaye na kamfanin Xpeng AeroHT sun gogi juna a sama wajen atisayen bikin jirage a Changchun ta ƙasar Sin, ɗaya ya kama wuta da ya sauko, kuma wannan fa a hannun kamfanin da ya ƙera su ne, ba wani sabon shiga ba.

A ganina dokar ta tsufa a kan waɗannan injina. Ba na goyon bayan a hana su, amma a ce ko awa ɗaya ta horo doka ba ta nema daga wanda zai ɗaga kilo ɗari da wani abu sama, wannan ya yi sake da yawa. Ita kanta Amurkar da zarar ka ƙara kujera ta biyu ta daina wasa, lasisi mafi sauƙi da take bayarwa na masu tuƙin nishaɗi, wanda aka kawo a 2004, yana neman aƙalla awa 20 na horo a jirgi mai fukafuki. Masu son ɗaukar fasinja da irin jiragen nan masu tashi tsaye kuwa sai a Oktoban 2024 FAA ta fitar musu da ƙa'idojin horon matuƙa da na aiki, kuma jirginsu sai ya bi dogon gwaji kafin a ba shi takarda.

Sannan 'yan uwa a tuna sashe na 103 dokar Amurka ce, iyakarta Amurka, kowace ƙasa da nata tsarin. A Najeriya hukumar NCAA ce take da iko da sararin sama na farar hula, kuma tun 2016 ta sanar cewa ko jirgi mara matuƙi ba a tayar da shi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In ƙaramin mai ɗaukar hoto sai da takarda, to wanda ya yi odar mai ɗaukar mutum saboda ya ga an rubuta ba lasisi a bidiyo, ya fara zuwa NCAA ya ji ta bakinsu kafin ya tura ko sisi.