Waiwaye: Yadda Aka Koyi Ƙirga Ɓarnar Sanyi

Da wuya a ga takardar shaidar mutuwa da aka rubuta "sanyi" a kanta. Likita kan rubuta bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon huhu. Sanyi yana matse jijiyoyi, hawan jini ya tashi, jinin ya yi kauri, sai mutum ya faɗi bayan kwanaki, wani lokaci ma bayan gari ya sassauta. Mai neman sawunsa dole ya koma ga lissafi.

A Ingila aka daɗe ana wannan lissafi. William Farr, wanda ya kama aiki a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a 1839, ya lura mace-macen Landan na ƙaruwa a makonnin tsananin sanyi. Sai ga Disambar 1952: sanyi ya danne hayaƙin kwal a kan birnin har kwana biyar. An fara cewa mutum 4,000 suka rasu, bincike daga baya ya kai adadin wajen 12,000. Dokar tsaftace iska ta biyo baya a 1956.

Ma'aunin da aka saba da shi mai sauƙi ne: a kwatanta mace-macen Disamba zuwa Maris da na watanni huɗu kafinsu da huɗu bayansu. Da shi aka samu rarar kusan 44,000 a Ingila da Wales a hunturun 2014 zuwa 2015. Sai dai yana cakuɗa ɓarnar sanyi da ta mura mai tsanani, kuma kafin alkaluman su fito, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Binciken Eurowinter na 1997 ya zo da abin mamaki: sanyi ya fi yi wa mutanen Atina, babban birnin Girka mai ɗumi, illa fiye da na kudancin Finland mai tsananin sanyi. Wanda ya san sanyi yakan shirya masa gida da sutura. Wanda ya raina shi ne ke shan wuya.

Daga nan hankali ya koma ga sa ido tun abin na faruwa. A 2008 aka fara EuroMOMO, mai tattara alkaluman mutuwa na ƙasashen Turai mako-mako. Ingila ta fitar da shirinta na hunturu a 2011, yanzu kuma kullum ana bibiyar kiran motar asibiti da masu zuwa sashen gaggawa, tare da gargaɗi mai launin rawaya, ruwan goro ko ja.

Duk da haka gardamar adadi ba ta ƙare ba. Guguwar ƙanƙara ta Fabrairun 2021 a jihar Texas ta Amurka ta kashe mutum 246 a lissafin hukuma, amma masu ƙirga rarar mace-mace sun samu adadi mai yawa fiye da haka.