Gishirin teku ba ya kashe ƙwayar kwalara

An daɗe ana cewa duk ƙazantar da aka zuba a teku ta tafi ke nan, wai ruwan yana da yawa, gishiri kuma zai kashe cuta. Ba haka ba ne. Ƙwayar kwalara tana rayuwa lafiya lau a ruwa mai gishiri-gishiri na bakin gaɓa, kawa kuwa, wata halittar teku mai ɓawo da mutane ke ci, tace ruwa take yi don ta ci, sai ta tara ƙwayoyin cutar a jikinta. Igiyar ruwa kuma tana dawo da najasar daidai inda yara ke wanka, masunta ke jan taru.

Mutanen unguwar Jamestown da ke bakin teku a Accra sun ga haka da idonsu. Shekaru da dama motocin kwasar masai suna juye kayansu a teku a wurin da ake kira Lavender Hill, sai a 2016 aka buɗe matatar najasa a can.

Ƙaramin gari ba sai ya sayi injuna masu tsada ba. Jerin tafkuna ya isa: a na farko dauɗa ta kwanta ƙasa, a na gaba hasken rana da gansakuka su rage ƙwayoyin cuta kafin a saki ruwan. Fili suke buƙata, da mai kwashe laka a kan lokaci.