Supai: Ƙauyen da Alfadarai Ke Kai wa Wasiƙa

Supai ƙauye ne a gundumar Coconino, jihar Arizona ta Amurka, kuma shi ne hedikwatar ƙasar da aka keɓe wa ƙabilar Havasupai. Yana can ƙasan wani kwazazzabo mai zurfi da ya ɓalle daga babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon, a bakin ƙoramar Havasu. Ma'anar sunan ƙabilar a harshensu ita ce mutanen ruwa mai launin shuɗi da kore, domin sinadarin farar ƙasa da ke narkewa cikin ƙoramar shi ke ba ta wannan launi.

Ƙidayar jama'a ta 2010 ta nuna mutum 208 ne a ƙauyen. Ƙabilar baki ɗayanta, har da mazauna waje, ba ta kai mutum dubu ba, kuma a farkon ƙarni na 20 cututtukan da baƙi suka kawo sun rage ta zuwa ƙasa da 200. Asalin zamansu na ci-rani ne: lokacin zafi su yi noman masara da wake da kabewa a gindin kwazazzabo, lokacin sanyi su haura tudu su yi farauta. A 1882 gwamnati ta takure su a kan eka 518 kacal a ƙasan kwari, abin da ya mai da gonar bazara ta zama mazauni na dindindin. Sai a 1975, zamanin Shugaba Gerald Ford, aka mayar musu da eka 185,000.

Babu titin mota da ke shiga Supai. Hanyar kwalta ta ƙare ne a bakin dutse, wurin da ake kira Hualapai Hilltop, kusan kilomita 100 daga tsohuwar babbar hanya mai lamba 66. Daga nan sai a gangara tafiyar kilomita 13, ko a ƙafa, ko a kan doki ko alfadari. Farkon hanyar gangare ne mai kwana-kwana a jikin dutse, sannan ta bi busasshen kwari mai tsakuwa, inda mai tafiya kan raɓe da bango in ya ji ƙarar kofato, don ayarin dabbobi ba ya tsayawa kowa. Akwai jirgi mai saukar ungulu da ke jigila a wasu ranaku na mako, amma 'yan ƙabila ake fara ɗauka, kuma iska in ta taso sai a haƙura.

Ƙauyen na cikin wurare na ƙarshe a Amurka da ake kai wa wasiƙa a bayan alfadarai. Kalmar wasiƙa ma a nan ta yi kaɗan: yawancin kayan da ake ɗaurewa a kan akumari abinci ne da magani da sauran kayan masarufi, shi ya sa gidan wayar garin Peach Springs, inda kayan ke tasowa, yake da ɗakin sanyi na ajiye abin da ke saurin lalacewa.

Akwai makarantar firamare, da ƙaramin asibiti, da shago, da masaukin baƙi. Yaron da ya wuce aji takwas dole ya bar kwarin in zai ci gaba da karatu.

Tattalin arzikin garin ya dogara ne kan masu yawon buɗe ido da ke zuwa kallon wuraren da ruwan Havasu ke zubowa daga kan duwatsu, kuma ba a shiga sai da izinin ƙabilar. A watan Maris na 2020 ta rufe ƙasarta saboda annobar korona, ba ta sake buɗewa ba sai Fabrairun 2023. Ambaliya kuwa tsohuwar matsala ce: a Agustan 2008 da Agustan 2024 ruwa ya lalata hanyoyi, har sai da aka kwashe mutane ta sama.