Agogo mai wani (marar batir) na soja ko na ƙirar da: wanne ya dace da Makka da Jidda?

Mene ne bambancinsu?

Na soja, irin Hamilton Khaki Field da Vostok Komandirskie na Rasha, baƙar fuska gare shi da manyan lambobi masu haske da dare, an yi shi don wahala. Na ƙirar da, kamar Orient Bambino, na ado ne: gilashi mai tudu da maɗaurin fata, yana kyau da farar jallabiya ranar Juma'a.

Zan iya alwala da shi?

Nan ne gizo ke saƙar. Juya bayan agogon ka karanta. Bambino mita 30 aka rubuta, wato fantsalar ruwa kawai yake jurewa, don haka cire shi kafin ka buɗe famfo. Hamilton mita 50 ne, Seiko 5 Sports kuwa 100. Sau biyar kullum ruwa na taɓa shi, ga zafin Makka na busar da robar da ke tare ruwan. Ka tura kan wanin, ɗan abin murzawa na gefen agogon, ya shige sosai, kuma da ka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, kai wa mai gyara ranar, kafin tsatsa ta kama injin. Fata kam gumi ke ruɓar da ita, sai ta fara wari. Sa maɗaurin leda saƙaƙƙe ko na ƙarfe.

Wane inji ya fi?

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Seiko mai inji 4R36. Motsin hannu ke masa wani, yana karɓar wanin yatsa, yana riƙe awa 41, kuma masu gyara a Balad ta Jidda da Batha ta Riyad sun san cikinsa. Tsohon injin Seiko 7S26 ba ya karɓar wanin yatsa, sai an girgiza shi. Hamilton mai inji H-50 na riƙe awa 80, amma kuɗinsa ya ninka na Seiko. Vostok ya fi araha, kayan gyaransa ne wahalar samu.

Agogona yana gudun minti biyar a rana. Ya lalace?

Galibi maganaɗisu ne ya kama shi, daga lasifikar waya ko marfin jaka, zaren cikinsa ya manne. Mai gyara zai cire masa a minti ɗaya. Sakan 20 zuwa 30 a rana ba ciwo ba ne. Kada dai ka canja kwanan wata tsakanin 9 na dare da 4 na asuba, lokacin haƙoran injin suna haɗe, suna iya karyewa.